Yashin Da Na Ƙi Soya Wa Autana

Shekarun baya, lokacin da gwiwoyina ke iya kai ni rafi su dawo da ni ban zauna a hanya ba, na yi wani abu da ban taɓa ba da labarinsa a cikin mutane ba. Ku da kuke bin hirarrakina kun saba ji ina yi wa mutane faɗa, masu barin yara a bakin titi, masu watsa ruwan wanke-wanke a ƙofar maƙwabci. To, yau kaina zan yi wa. Ku yi haƙuri da ni, labarin akwai ƙarafa a ciki, ni kuwa ban san sunayensu ba sai waɗanda kunnena ya tsinta.

Gidanmu yana gefen Kwanar Dangora, ta wajen hanyar da ta miƙe Tudun Wada. Sana'ata suyar gyaɗa ce, tun ina da goyon fari. Da yashi nake suya a babban kasko, in ƙuƙƙulla a kai tasha. 'Ya'ya biyar Allah Ya bar mini. Matan biyu suna ɗakunansu, babban namijin yana Kudu sai shekara-shekara, mai bi masa ya bi masu haƙar kuza ya zauna a Riruwai da iyalinsa. Da maigidan ya rasu, gidan ya rage daga ni sai auta.

Auta mai walda ne. Rumfarsa jingine take da katangarmu, in na zauna a zaure ina ɓarar gyaɗa babu abin da yake yi da ba na gani. Ƙofofi, tagogi, ƙafar gado, garmar shanu da ta karye. Ni kuma Allah Ya yi ni da ido, Ya haɗa mini da baki. In ya ɗora ƙofa a karkace ni ce zan fara gani, kuma ba na barin maganar ta kwana a cikina. Shi dai ba ya musu, sai ya ce, "To, Inna," ya gyara. Yaro ne mai shiru, amma in yana aikin da yake so za ka ji yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa ta hanci.

Yana da wani aboki direba, tare suka taso. Tsohuwar motar haya gare shi, ƙarama, yana jigilar mutane da buhunan masara daga Doguwa da Riruwai. In ta zo hawan tudu sai fasinja sun sauka sun bi ta a ƙafa. Shi wannan bakinsa ba ya hutawa. Duk ranar da ya tsaya sai ya leƙo zaure ya durƙusa.

"Inna, barka da hantsi. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da sauƙi. Motarka ce dai na ji tana tari tun daga nesa. Ka kai ta wajen mai magani mana."

"Ai mai maganin ke kika haife shi, Inna. Shi na kawo wa."

Yana faɗa yana ɗibar gyaɗa a faranti, ba wanda ya ce masa bismilla.

A wata damina ce na lura sun fara haɗa kai a kan waya. Su zauna a benci su yi ta kallon wani abu, su mayar baya su sake kallo. Na ɗauka shirmen samari ne, har ranar da na ga auta ya shigo da dogayen bututun ƙarfe sababbi ya jingine a rumfa, ya kuma kawo kan tsohon inji daga wajen masu gwangwan ya ɗora a tebur. Na ce, "Wannan kuma famfo za ka ja mana?"

Ya yi murmushi ya zo ya tsuguna kusa da ni da wayar. Wani mutum ne a ciki, yana magana da wani yare da ko shi autan ba ya ji, yana riƙe da wani abu mai bututu huɗu a murɗe, kamar hanjin akuya in an zazzage shi a tire.

"Inna, inji kamar mutum yake, yana shaƙa yana fitarwa. Motar abokina ta ƙofa huɗu hayaƙinta ke fitowa, amma duk an tara su a wani guntun ƙarfe matsattse da muke ce wa manifol, kafin ya wuce salansa. Hayaƙin turereniya yake yi a wajen. In na ba kowace ƙofa bututunta, tsawonsu ɗaya, suka haɗu can ƙasa, motar za ta numfasa. Ƙarfinta zai ƙaru."

Na ce, "Wato mura take yi, kai ne za ka fyace mata."

Ya ce, "Kusan haka ne."

Da a nan maganar ta tsaya da ban damu ba. Amma bayan kwana biyu ina tsintar gyaɗa a bayan ƙyauren zaure, ba su san ina wajen ba, na ji direban ya rage murya. Shi kuwa in ya rage murya daidai yake da maganar sauran mutane. Yana cewa kawunsa mai babban gareji a Kaduna ya yi alkawari. 'Ya'yan masu hali suna kawo masa motoci a sa musu irin wannan abu, daga waje ake sayowa, ba ya samuwa da sauƙi. In auta ya ƙera shi da hannunsa, aka ɗaura a motar, kawun ya gani da idonsa yana aiki, zai ɗauke shi aiki, har ɗaki zai ba shi.

Na ji auta ya ce, "Kada Inna ta ji tukuna."

To, Inna ta ji. Na zauna da faranti a cinya, na ƙirga ɗakunan gidan nan a raina, na ga babu wanda zai rage da mutum a ciki sai nawa. Huɗu sun tafi, kowanne da "zan riƙa zuwa" a bakinsa. Na san yadda zuwan yake.

Yanzu ga inda aikin yake. Bututun nan miƙaƙƙu ne, sai an lanƙwasa su. In ka lanƙwasa bututu haka kawai sai ya lotse a gwiwar, hanyar ta toshe. Dabarar da suka gani a waya ita ce a cika shi da yashi, a toshe baki biyun, a gasa wajen da wutar gas har ya yi ja, sannan a ja shi a hankali. Yashin da ke ciki shi zai riƙe cikin bututun kada ya rufta.

Da na ji an ambaci yashi sai na gyara zama. Ƙarfe ban san shi ba. Yashi kuwa na fi shekara talatin ina juya shi a kan wuta.

Lokacin marka ce, rana ba ta cika wuni a waje ba. Auta ya je rafi ya ɗebo buhu guda, ya shanya a kan leda na ɗan lokaci, ya shafa sama ya ji a bushe, ya fara ɗurawa. Daga inda nake zaune na san yashin nan bai bushe ba. Launinsa kawai ya isa. Busasshen yashi fari-fari yake, in ka zuba shi yana sulalewa da wani sauti kamar ana zuba gero. Nasa kuwa gaɓa-gaɓa yake faɗawa, yana tura shi da sanda. Ga tsakuwa, ga laka a ciki. Kuma duk mai suya ta san halin yashi mai danshi: yana cika wuri da ƙarya. Ka ga kasko ya cika, wuta na taɓa shi ruwan ya fita, sai ya sauka ya bar rami.

Haka kuwa aka yi. Ya toshe bakin da tsumma da guntun itace, ya kunna wuta. Tururi ya dinga fita ta gefen tsumman yana huci. Ƙarfe ya yi ja, ya ja shi, sai ga gwiwa ta lotse kamar karan dawa da aka taka. Ya juya shi, ya duba, ya jefar gefe.

Ban ce komai ba.

Ku da kuka san ni ku auna wannan. Ni da ko ɗaurin akuyar maƙwabta bai yi mini ba sai na aika an faɗa musu, na ga ɗana yana ɓata aiki a gabana, maganin yana bakina, na haɗiye. Na ce wa zuciyata: bututun nan guda nawa ne? Za su ƙare. In sun ƙare zai gaji, ya koma ƙofofinsa, kowa ya huta. Har na riƙa jin kamar wata dabara na yi irin ta manya.

Na biyu ya lotse. Na uku ma haka. Direban ya zo ya tsaya a kansu ya riƙe ƙugu.

"Malam, wannan ai ba hanjin akuya ba ne, ƙafar kaza ce. Kawu fa ya fara tambaya."

"Ka ƙyale ni, zan gano."

"Ka gano da wuri, kafin motar ta mutu a yi mata sutura da su."

Auta bai yi dariya ba. Ya daina waƙar hancin, ya daina cin tuwon kirki. Ina kallonsa yana mayar da hoton nan baya yana sake kallo, ko zai ga abin da ya ɓace masa. Abin kuwa ba a ido yake ba. Wataƙila mutumin ya faɗa da bakinsa, amma wa ya ji yarensa?

Wata safiya ya shigo tsakar gida ina hura wuta, da yashi a tafin hannunsa. Ya gaishe ni, sannan ya ce, "Inna, ke da kika san yashi, duba mini wannan. Ko shi ne matsalar?"

Wannan wajen ne ya fi yi mini nauyin faɗa. Na kalli hannunsa. Yashin ya yi curi, har shatin yatsunsa ya fito a jiki. Na kau da kai na ci gaba da fifita wuta, na ce, "Yashi ai yashi ne."

Ya ce, "To, Inna." Ya fita.

Da ya cire yashi daga zargi sai ya ɗora laifin a kan tsumma. Ya ce ta nan yashin ke samun hanyar motsi. Ya yanko ƙarfe guda biyu ya liƙe bakin bututun da walda, gaba da baya, ko iska ba ta fita. Ina zaure ina gani. Kuma wallahi na san abin da tukunya ke yi in aka danne mata murfi a kan wuta. Na buɗe baki, sai na ce bari in ga ko wannan ma lotsewa zai yi, shi ke nan saura biyu. Wannan tunanin nake yi ya kunna wutar.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Ƙarar dai kamar an fasa taya a cikin kunnena. Wajen da ya yi ja ne ya tsage, tururi da yashi mai zafi suka feso. Na ga auta ya saki abin wutar ya dafe wuya ya durƙushe. Direban, Allah Ya saka masa, shi ya yi tsalle ya rufe gas ɗin. Ni kuwa farantin gyaɗa ya kife, ban san lokacin da na isa wajen ba babu mayafi.

Ƙunar ta ci hannunsa na hagu daga gwiwa zuwa kafaɗa, da gefen wuya har ƙasan kunne. Yashin ya manne a fatar. Tsakanin ƙunar da idonsa bai fi faɗin yatsa biyu ba. A motar nan mai tari muka kai shi asibiti, ina baya na riƙe kansa, direban yana tuƙi yana ta salati, ranar ce kaɗai na ga bakinsa ya rasa wasa. Suka wanke, suka tsince yashin, suka naɗe. Auta bai yi kuka ba, haƙoransa kawai nake ji. Ma'aikaciyar ta ce mini, "Mama, ki gode wa Allah, ido ya tsira." Na ce Alhamdu lillahi, muryata kamar ba tawa ba.

Ya yi sati uku a gida. 'Yan dubiya suna zuwa, kowa na cewa tsautsayi ne. Ni ma ina amsawa, "Tsautsayi ne." Ina dafa masa kunu, ina kai shi wankin ciwo, ina korar ƙuda. Maƙwabta suna yaba mini, wai ba uwa kamar ni.

Ranar da aka cire bandejin ƙarshe direban ya zo. Auta ya ce masa a gabana, ba ɓoye-ɓoye kuma, "Ka gaya wa kawu na gode. Ba rabona ba ne. Ƙofofi da tagogi dai su ne nawa." Sannan ya juyo ya ce, "Inna, da ma akwai maganar Kaduna da ban gaya miki ba. Yanzu ta wuce. Ina nan tare da ke."

Ga shi nan dai. Abin da na nema na samu, a hannu aka damƙa mini.

Ya koma rumfa. Yana fita da safe, yana yin aiki, yana dawowa. Babu abin da za ka ce ya yi ba daidai ba. Amma mutumin da ke zaune a bencin nan kamar an kwashe kayan cikinsa ne an bar buhun. In babu aiki sai ya zauna ya zuba wa titi ido, motoci suna wucewa Zariya yana bin su da kallo. Sauran bututun biyu ya tura su ƙarƙashin tebur, tsatsa ta fara cin su. Wata rana ya ɗora ƙofa a karkace, na gani, shi ma ya gani, ba wanda ya ce komai a cikinmu. Na tuna mahaifinsa a shekararsa ta ƙarshe, haka yake zama. Shi kuwa wannan ko aure bai yi ba.

Na kai wata guda ina fama da kaina. In na idar da salla sai in rasa abin da zan roƙa. In ce Allah Ya bar mini shi? Ai ga shi an bar mini.

Ran wata Talata da sassafe na ɗauki ƙwarya biyu na tafi rafi. Ba inda kowa ke ɗiba na je ba, can sama inda ruwa ke karya kwana ya tara mai laushi. Na wanke shi ruwa uku har lakar ta fita. Na dawo na hura wuta, na ɗora kaskon gyaɗata, na dinga soya shi kaɗan-kaɗan ina juyawa. Yadda nake gane ya yi, sai in kifa murfin kwano mai sanyi a kai in ɗaga. In murfin ya yi gumi, da saura. Sai da ya fito a bushe ƙayau sannan na sauke, na tankaɗe da rariya, na fitar da tsakuwa. Ranar ba a kai gyaɗa tasha ba. Bayana kamar zai rabe biyu.

Da la'asar na kai masa rumfa a cikin kwano mai murfi na ajiye a gabansa. Na ce, "Ɗebi ka dunƙule."

Ya ɗiba. Ya matse hannu, yashin ya sulale ta tsakanin yatsunsa bai bar ko ƙwaya a dunƙule ba. Ya kalli yashin, ya kalle ni.

Na ce, "Naka danshi gare shi. Shi ya sa yake sauka ya bar rami, shi ya sa ya fashe da ka rufe masa hanya."

Sannan ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun buhun farko."

"Har ranar da na kawo miki a hannu?"

"Har ranar."

"Kin ji maganar Kaduna ke nan."

"Na ji."

Ya ɗaga hannu ya shafa gefen wuyansa, ina jin bai ma san ya yi ba. Ya ce, a hankali, "Da idon ne fa, Inna?"

Na so in ce tsoro ne, na so in ce gidan ya yi mini girma. Duk gaskiya ne, amma ba amsar tambayarsa ba ce. Na juya na shiga gida.

Kwana huɗu bai taɓa kwanon ba. Kullum da safe zai zo ƙofar ɗakina ya durƙusa, "Inna, ina kwana? An tashi lafiya?" In amsa, ya tashi ya fita. Da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi. Gaisuwar nan cikakkiya, babu abin da ya rage a cikinta, ita ta fi dukana.

A rana ta biyar na ji ana goge ƙarfe. Can sai ya leƙo zaure ya ce, "Yashin nan ba zai isa bututu huɗu ba. Kuma in na ɗura ban san ya zauna ba."

Na ce, "Kawo muciyata."

Haka muka yi aikin, ni da shi. Ya sayo ƙarin bututu, ni na ƙara suya. Yana tsayar da bututun yana zuba yashi ta mazurari, ni ina bubbuga jikinsa da muciya daga ƙasa zuwa sama. In da rami sautin fayau yake, in ya cika sai ya koma dum. Sai na ce ya yi sannan yake toshewa. Na ce kuma ko yashin ya bushe kamar me, ya bar 'yar ƙofa kamar ta allura, don ban ƙara yarda da abin da aka rufe ruf a kan wuta ba. Ya kunna wutar. Ƙarfe ya yi ja, ya ja a hankali, sai ga shi ya lanƙwasu sumul, gwiwar a cike kamar wuyan tulu.

Ba mu yi murna ba. Ya ce, "Saura." Na ce, "Miƙo na gaba."

Ya ɗauki kusan sati biyu. Kowane bututu da irin murɗarsa, kuma dole tsawonsu ya zo ɗaya, sai ya bi bayan kowanne da igiya yana aunawa, ya yanke, ya gwada a jikin tsohon injin, ya sake cirewa. Direban ya dawo da bakinsa. In ya zo ya tarar da ni da muciya sai ya cire hula.

"Ranki ya daɗe, shugabar injiniyoyi! Inna, ashe ke ce kamfanin, wannan ɗan aike ne kawai."

"Ka matsa mini daga haske, sarkin surutu."

"Wallahi in motar nan ta tashi, gidan gaba naki ne har abada."

"Allah Ya kiyashe ni. Ina da sauran kwana."

Shi bai san abin da ya shiga tsakanina da auta ba. Har yau ina jin bai sani ba, sai in wannan ya kai kunnensa.

Ranar da aka ɗaura abin aka tayar da motar, mutanen tasha sai da suka taso. Tarin nan ya tafi, wata murya ce mai kauri ta fito, har kwanukan rumfa suna amsawa. Kajina suka watse. Washegari direban ya dawo daga Riruwai yana rantse-rantse, wai ya hau tudun da ke sauke masa fasinja da mutum shida da buhu uku, ba wanda ya taka ƙasa. Na san ya ƙara gishiri, amma ko an cire gishirin akwai abin da ya rage. Suka wanke motar suka tafi Kaduna. Bayan kwana biyu suka dawo. Tun daga yadda auta ya sauko na san amsar.

Bayan sati ya haɗa kayansa. Ya durƙusa a tsakar gida ya ce in yafe masa ɓoyewar da ya yi mini. Na ce ni ce mai neman yafiya. Ya ce, "Ya wuce, Inna." Na sa masa albarka, na ba shi ƙullin gyaɗa. Ban raka shi titi ba, na ce tukunyata tana kan murhu. Babu komai a kan murhun.

Yanzu shekaru sun tafi. Yana da wajen kansa, da yara masu koyo a ƙarƙashinsa, da wani inji da ke lanƙwasa masa ƙarfe ba wuta ba yashi. Ya yi aure, yana aike, yana zuwa da salla. Ya sha cewa in koma can, na ce me zan yi a gidan bene, in leƙa wa? Wani zuwa da suka yi, matarsa ta tambaye shi a gabana yadda aka yi ya samu tabon wuyansa. Ya ce, "Yashi ne mai danshi. Lokacin ban san aiki ba." Ya ci gaba da cin tuwonsa, bai dubi inda nake ba. Na so a ce ya duba.

In kun tambaye ni abin da na koya, ba wani abin kirki ba ne da zan yi muku wa'azi da shi. Da ina ɗauka mai laifi shi ne wanda ya yi magana ko ya ɗaga hannu. Ni ban ɗaga komai ba, zama kawai na yi, kuma zaman ya kusa cin idon ɗana. Masu 'ya'ya a gaba, in kun san abu ku faɗa musu, ko da faɗar ce za ta buɗe musu ƙofar fita. Ba don za ku ji daɗi ba. Ni ban ji ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce daga baya na ji ba.

Mutane suna cewa na yi sa'ar ɗa, kuma gaskiya ne, na yi. Da za a mayar da ni wancan lokacin, tun buhun farko zan hura masa wuta, ya tafi da fatarsa lafiya. Amma tafiyar dai zai yi. Wannan ne abin da na kasa sabawa da shi. Da yamma in na sauke kasko na kwashe wuta, sai in zuba tuwo a kwano ɗaya, in ci abin da zan iya, in rufe sauran.